Maimaicin Wasan Kwamfuta da Tambayar Dawowar Abin da Ya Wuce

Fayil ɗin maimaici ɗan ƙaramin fayil ne da wasu wasannin kwamfuta ke ajiyewa bayan an tashi daga karawa, domin a sake kallon yadda ta kaya. Wanda bai san cikinsa ba zai ɗauka bidiyo ne. A wasanni da dama kuwa, musamman na dabarun yaƙi irin su StarCraft da Warcraft III da Age of Empires II, babu hoto ko ɗaya a ciki, babu sauti. Abin da yake ɗauke da shi jerin umarnin da 'yan wasa suka bayar ne, kowanne da lokacinsa, sai kuma bayanin yadda aka fara. Shi ya sa karawar da aka daɗe ana gwabzawa takan shige cikin fayil da bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba.

Irin wannan fayil galibi ba ya buɗuwa sai da wasan da ya haife shi. Idan wasan na Windows ne, kwamfutar kuma Linux take amfani da shi, sai an sa manhajar tsakani mai suna Wine, sannan a rubuta 'yan layukan umarni da za su miƙa fayil ɗin ga wasan. Aikin bai wuce na 'yan mintuna ba ga wanda ya saba. Amma a cikinsa akwai tsofaffin tambayoyi uku na falsafa: me ya sa abu ɗaya ke haifar da sakamako ɗaya, shin abin da aka maimaita shi ne na farkon ko makamancinsa, kuma wane irin canji aka yarda mai isar da saƙo ya yi ba tare da ya ci amanar saƙon ba.

Abin da fayil ɗin ke riƙe da shi

Wasan Doom, wanda kamfanin id Software ya fitar a Disambar 1993, shi ya fi sauƙin bayyana tsarin. Wasan yana raba kowace daƙiƙa gida 35. A kowane kaso yana rubuta bayit huɗu ga kowane ɗan wasa: tafiya gaba ko baya, gocewa dama ko hagu, juyawa, da maɓallan da aka danna kamar na harbi ko na buɗe ƙofa. A kan fayil ɗin akwai ɗan bayani game da sigar wasan, matakin wahala, da filin da aka buga. Ba a rubuta inda dodanni suka tsaya ba, ba a rubuta wanda harsashi ya samu ba. Idan aka kunna maimaici, wasan yana sake bugawa ne daga farko, yana karɓar umarni daga fayil a madadin hannun mutum, dodannin kuma su sake yin abin da dokokin wasan suka tilasta musu.

A nan tambaya ke tasowa game da sa'a, domin a Doom ɓarnar da harbi ke yi tana bambanta daga wannan harbi zuwa wancan. Amsar ita ce sa'ar ta jabu ce. A cikin wasan akwai jadawalin lambobi 256 da aka jera tun farko, duk lokacin da ake buƙatar ƙuri'a sai a ɗauki lamba ta gaba, idan an kai ƙarshe a koma farko. Muddin an fara daga wuri ɗaya, an kuma nemi ƙuri'a sau adadi ɗaya a jere ɗaya, lambobin da za su fito ba za su canza ba. Wasannin da suka zo daga baya suna amfani da lissafi mai fitar da lambobi daga wata lamba ta tushe, sai a ajiye tushen a cikin fayil.

Wasannin dabarun yaƙi sun bi wannan hanya ne saboda ƙarancin ƙarfin layin sadarwa. Paul Bettner da Mark Terrano sun bayyana a 2001 yadda aka gina Age of Empires: tunda layin tarho na lokacin ba zai ɗauki bayanin ɗaruruwan mayaƙa ba, sai aka sa kowace kwamfuta ta lissafa yaƙin gaba ɗaya da kanta, umarnin 'yan wasa kawai ake musanyawa. Da zarar an gina wasa a haka, ajiye maimaici ya zama abu mai sauƙi, tunda jerin umarnin ne kawai za a adana. StarCraft ya sami wannan damar a kwaskwarimar 1.08 ta shekarar 2001, Warcraft III kuma ya fito da ita tun a 2002, fayilolinsa na ƙarewa da w3g.

Tafintan da ke tsakani

An fara aikin Wine a 1993, Bob Amstadt da Eric Youngdale na cikin waɗanda suka assasa shi, Alexandre Julliard kuma ya karɓi ragama a 1994. Sai a 2008 siga ta 1.0 ta fito, bayan shekara 15 ana aiki. A 2018 kamfanin Valve ya fitar da Proton, wanda aka gina a kan Wine domin wasannin dandalin Steam. Masu Wine sun nace cewa manhajarsu ba makwaikwayin na'ura ba ce, har sunan nata ma abin da yake faɗa ke nan da Ingilishi.

Bambancin yana da muhimmanci ga abin da ke tafe. Makwaikwayin na'ura yana ƙirƙirar kwamfuta ta ƙarya a cikin ta gaske, ya riƙa fassara kowane umarnin lissafi ɗaya bayan ɗaya. Wine kuwa yana barin lissafin wasan ya gudana kai tsaye a kan ƙwaƙwalwar kwamfutar, kamar yadda zai gudana a Windows. Yana shiga tsakani ne kawai idan wasan ya waiwayo yana neman hidima: a buɗe masa fayil, a zana masa hoto, a gaya masa ƙarfe nawa, a sanar da shi an motsa linzami. Wasan yana yin waɗannan buƙatu da harshen Windows, Wine ya mayar da su harshen Linux, ya karɓo amsa, ya dawo da ita a siffar da wasan ya saba gani. Masu aikin sun sake rubuta waɗannan hidimomi ne da kansu, ba su kwafi rubutun Microsoft ba.

Domin wasan ya ji kamar yana gida, Wine yana gina masa jaka ta musamman, wadda a bisa al'ada take zama a .wine cikin jakar gida ta mai kwamfuta. A cikinta akwai drive_c, wadda wasan ke gani a matsayin faifan C. Tushen dukan fayilolin Linux kuma yana bayyana masa a matsayin faifan Z.

Layukan umarnin

Shel ita ce manhajar da ke karɓar rubutaccen umarni a Unix da danginsa irin su Linux. Wadda Stephen Bourne ya rubuta ta fito a 1979, Bash ta Brian Fox kuma a 1989. Idan aka jera umarni a fayil ɗaya aka ba shi izinin gudana, sai ya zama ƙaramar manhaja. Ga tsohuwar sigar Warcraft III, layuka biyar sun wadatar:

#!/bin/sh
export WINEPREFIX="$HOME/.wine"
fayil=$(winepath -w "$1")
cd "$WINEPREFIX/drive_c/Program Files/Warcraft III" || exit 1
exec wine war3.exe -loadfile "$fayil"

Layin farko yana faɗin wace shel za ta karanta sauran. Na biyu yana nuna wace jakar Wine za a yi amfani da ita, domin mutum yana iya mallakar fiye da ɗaya, kowace da sigar wasan da ke cikinta. Na uku shi ne zuciyar aikin. Alamar $1 tana nufin adireshin fayil ɗin da aka danna, a rubuce yadda Linux ke rubuta adireshi, da sanduna masu karkata dama. Wasan bai san wannan salo ba, don haka winepath ke sake rubuta shi da harafin faifai a gaba da sanduna masu karkata hagu. Na huɗu yana shiga jakar wasan, saboda tsofaffin wasanni kan nemi kayan aikinsu a inda aka tayar da su, kuma idan jakar ba ta nan sai a tsaya nan take. Na biyar yana tayar da wasan ya miƙa masa fayil ɗin.

Kurakuran da aka fi yi a nan ƙanana ne a ido. Idan aka manta da alamun zance da ke kewaye da $1, fayil mai sarari a cikin sunansa zai tsage gida biyu, shel ta miƙa rabin suna, wasan ya buɗe a shafinsa na farko kamar ba a aike shi ba. Idan aka shiga jakar wasan kafin a juya adireshin, kuma adireshin da aka bayar guntu ne mai dogaro da inda ake tsaye, sai ya koma nuni ga wurin da babu komai. Haka nan Windows ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, Linux kuwa yana bambantawa. Wine yana rufa wa wasan asiri a kan wannan, amma layi na huɗu shel ce ke karanta shi, ita kuwa ba ta yafe ko harafi ɗaya. Bayan an gama, sai a rubuta ɗan fayil mai ƙarewa da desktop wanda zai sanar da tsarin cewa duk fayil irin wannan, ga manhajar da za ta buɗe shi.

Sababi da al'ada

Maimaici yana tsayuwa ne a kan sharaɗi ɗaya: mafari ɗaya da umarni ɗaya da dokoki ɗaya su haifar da sakamako ɗaya. Idan sharaɗin ya karye, abin da ake gani yana da ban dariya da ban tausayi. A Doom sai a ga ɗan wasa yana harbin bango, yana ƙoƙarin shiga ƙofar da ba ta buɗe ba, domin umarnin yana zuwa yadda aka rubuta shi amma duniyar da aka yi shi dominta ta riga ta sauya. Ƙuri'a ɗaya da aka nema fiye da ƙima ta isa ta gusar da duk waɗanda ke biye da ita. Wake ɗaya ke ɓata gari. Saboda haka ne maimaicin da aka ɗauka da tsohuwar siga yakan ƙi buɗuwa, ko ya kauce hanya, a kan sabuwa: kamfani ya rage ƙarfin wani mayaƙi da ɗan kaɗan, wanda ya mutu a karon farko yanzu ya rayu, daga nan tarihin ya rabu biyu.

A 1814 masanin lissafi na Faransa Pierre-Simon Laplace ya kawo misalin wani hankali da ya san matsayin kowane abu a duniya da duk ƙarfin da ke motsa shi a lokaci guda. A ganinsa irin wannan hankali zai iya lissafa abin da ya wuce da abin da ke tafe. Filin wasan kwamfuta ƙaramar duniya ce da aka ƙera da gangan domin ta cika wannan siffa. Sai dai ba ta zama hujja a kan babbar duniya ba, domin an sha wahala kafin a mayar da ita haka. Masu ginin sun toshe duk wata kafa da bambanci zai iya shigowa, har da ɗan saɓanin da ake samu a lissafin lambobi masu ɗigo tsakanin wata na'ura da wata.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattauna batun sababi a mas'ala ta 17 ta littafinsa Tahafutul Falasifa. Ya kawo misalin wuta da auduga: ido yana ganin ƙonewa tana faruwa a lokacin haɗuwarsu, amma bai ga cewa wutar ce da kanta ta wajabta ƙonewar ba. Abin da ke tsakaninsu al'ada ce da Allah ya gudanar, kuma yana da ikon saɓa ta. Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, ya mayar da martani a Tahafutut Tahafut cewa musanta sabubba musanta ilimi ne, tunda ana sanin abubuwa ne ta hanyar sabubbansu. Fayil ɗin maimaici yana nuna abin da kowannensu ya riƙe. Ba domin dokokin wasan suna tabbata ba, da fayil ɗin bai da wata ma'ana, wannan kuwa maganar Ibn Rushd ce. Amma dokar da ta ce takobi yana rage rai da kaza ba daga takobin ta fito ba. Wani ne ya ɗora ta, yana kuma canza ta idan ya ga dama, kallon maimaici sau dubu ba zai nuna wajabcinta ba sai dai ɗorewarta. Misalin yana da iyaka, domin mai rubuta wasa shi ma abin halitta ne da ke aiki a ƙarƙashin dokokin da bai kafa ba.

Shi ne ko makamancinsa

Idan maimaici ya gudana ba tare da kaucewa ba, kowane mayaƙi ya bi sawunsa na farko, shin wasan jiya ne ya dawo? Malaman kalam da masana falsafa sun yi saɓani a kan wata mas'ala mai kama da wannan, wato ko abin da ya gushe zai iya dawowa shi da kansa. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ce ba zai yiwu ba. Daga cikin hujjojinsa akwai cewa babu abin da zai bambanta wanda aka ce an dawo da shi daga wani sabo mai kama da shi ta kowace fuska, kuma da zai dawo da duk abin da ya sa ya zama shi, da lokacinsa ma sai ya dawo, in kuwa lokacin ya dawo to ba dawowa ba ce, farawar ce da kanta. Da yawa daga malaman Ash'ariyya sun tafi a kan cewa wanda ya iya farar da abu zai iya dawo da shi. Muhawararsu ta shafi tashin ƙiyama ne, wasa kuma ba shi da ta cewa a can. Abin da ake aro daga gare su shi ne rarrabewa tsakanin ainihin abu da mislinsa. Hausawa ma sun ce kama da wane ba wane ba ne.

Masanin falsafa na Amurka Nelson Goodman ya kawo wata rarrabewar a 1968. Ya lura cewa zanen hannu yana da jabu: kwafi, komai kyansa, ba shi ne asalin ba. Kiɗan da aka rubuta da alamomi kuwa duk wanda ya buga shi daidai da rubutun ya buga shi na gaske. Darar ces tana cikin kashi na biyu. Shahararriyar karawar da Adolf Anderssen da Lionel Kieseritzky suka yi a Landan a 1851 ana sake jera ta a kan kowane allo, kuma ba a cewa jabunta aka gani, tunda karawar ita ce jerin motsin.

Daga nan za a ga kalmar wasa tana ɗauke da abu biyu. Akwai jerin halayen da fili ya shiga ɗaya bayan ɗaya, wannan yana dawowa cif idan sharuɗɗa sun cika, a Windows ko ta hanyar Wine. Akwai kuma aukuwar da ta faru a wani dare tsakanin mutum biyu da ba su san yadda za ta ƙare ba. Wannan ta tafi da lokacinta, yadda Ibn Sina ya ce. Mai kallo ma yana iya ganin abin da 'yan wasan ba su gani ba, domin maimaici yana ba shi damar yaye hazon da ya rufe sansanin abokin gaba, ya tsayar da lokaci, ya hanzarta shi.

Amanar mai isarwa

Malaman hadisi sun tattauna ko ya halatta a ruwaito magana da ma'anarta ba da lafazinta ba. Mafi yawansu sun yarda, da sharaɗin mai ruwayar ya san harshen sosai, ya san abin da ke canza ma'ana da wanda ba ya canzawa. Wasu, irin su Ibn Sirin, sun tsananta a kan lafazi. Ibnus Salah, wanda ya rasu a 1245, ya ƙara da cewa wannan rangwame bai shafi abin da aka riga aka rubuta a littattafai ba, domin babu mai ikon canza rubutun wani.

Aikin buɗe maimaici ta hanyar Wine ya kasu a kan irin wannan layi. Akwai sashen da ma'ana ta wadatar a cikinsa. Wasan yana neman zane da harshen zane na Windows, wato Direct3D, Wine ya isar da buƙatar da OpenGL, ko a yi amfani da DXVK a isar da ita da Vulkan; inuwa tana iya ɗan bambanta, haruffa su canza siffa, sauti ya ɗan makara, karawar kuma tana nan yadda take. Adireshin da winepath ya juya shi ma haka ne, lafazi biyu ne masu nuni ga fayil ɗaya. Akwai kuma sashen da ba a yarda a taɓa ko ɗigo ba: abin da ke cikin fayil ɗin, sigar wasan, taswirar da aka buga a kai, da sakamakon kowane lissafi da ke shiga cikin dokokin fili. Idan wasan ya nemi wani lissafi daga hidimomin tsarin, Wine kuma ya ba da amsar da ta saɓa a lamba ta ƙarshe, wannan ɗan bambanci yana iya girma har ya kifar da maimaicin. Gwanintar tafinta a nan ita ce sanin inda iyakar take. Ana auna amanarsa da ko yaƙin ya ƙare yadda ya ƙare a karon farko.

Matsayin zaɓin ɗan wasa

Abu na ƙarshe da ya cancanci lura shi ne rabon aiki tsakanin fayil da wasa. Duk abin da za a iya lissafawa daga dokoki an bar wa wasan ya sake lissafa shi, shi ya sa ba a ajiye shi ba. Abin da aka ajiye shi ne wanda dokokin ba za su iya fitarwa ba: cewa a daƙiƙa kaza ɗan wasa ya tura rundunarsa gabas, ya fasa, ya ja da baya. Ta fuskar wasan, waɗannan umarni daga waje suke shigowa, babu wata doka a cikinsa da ta wajabta su. Don haka wanda ya kafa hujja da maimaici cewa mutum tilastacce ne ya ɗauki misalin a baibai, tunda fayil ɗin ya wanzu ne saboda na'urar ba ta iya hasashen ɗan wasan. Haka kuma ba ya tabbatar da cewa zaɓin ba shi da sababi a duniyar da ɗan wasan ke rayuwa a ciki. Wannan tambaya ta jabru da ikhtiyari tana wajen filin wasa, fayil ɗin bai taɓa ta ba. Abin da yake adanawa shi ne sakamakon zaɓin da lokacin da aka yi shi. Dalilin da ya sa aka zaɓa, da shakkar da ta gabace shi, da hanyoyin da aka duba aka bari, babu gurbinsu a cikin bayit huɗun Doom ko a jerin umarnin Warcraft III.